Ciwon ƙoda da ke sauka a ido ga masu ciwon suga: tambayoyi da amsoshi

Aikina a ɓangaren ido yake, nan cikin garin Sakkwato, kuma tambayoyin nan mutane ne ke yi min su, wasu a wurin aiki, wasu a majalisa bayan la'asar, wasu kuma 'yan uwa mata in anka haɗu wajen biki ko suna. Na tara su wuri guda saboda wanga ciwo duk da ba kullum ake ganin shi ba, in ya zo yana iya cinye ido cikin 'yan kwanaki, kuma yawancin waɗanda abin ya sama sai daga baya suke cewa ai ba su san ciwon fitsari na da wata alaƙa da ido ba.

Wai da gaske ne ciwon ƙoda na iya taɓa ido? Mi ya haɗa ƙoda da ido?

Da gaske ne. Jini ne ya haɗa su.

Ƙoda matata ce, kusan kashi 1 cikin 5 na jinin da zuciya ke bugowa ta cikinta yake bi. To in ƙwayoyin cuta na bakteriya sunka hau daga mafitsara sunka zauna cikin ƙoda har ta fara tara mugunya, abu ne mai sauƙi su tsallaka cikin jini, daga nan kau duk inda jini ya je za su iya zuwa. A bayan ido akwai wata shimfiɗa ta siraran jijiyoyin jini da likitoci ke ce ma koroid, tana cikin wuraren da jini ya fi yawan gudana a jikin ɗan Adam. Nan ƙwayar cutar ke maƙalewa, ta huda ta shiga tsakiyar ido inda akwai wani ruwa mai yauƙi kamar farin ƙwai, wanda shi ne ya cika ƙwayar idon. Ruwan nan babu jijiyar jini ko guda cikinsa, ke nan sojojin jiki ba su isa can da wuri, ƙwayar cuta sai ta samu ɗaki mai ɗumi da abinci babu mai korarta, ta yi ta hayayyafa har idon ya cika da mugunya daga ciki.

Sunan shi a asibiti endoftalmaitis. Galibin masu samun shi daga waje cutar ke shigar musu, bayan aikin yanar ido ko in wani abu ya soki idon, ƙaya ko ƙarfe ko tsinke. Irin wanda ke zuwa ta jini kaɗan ne, bai kai 1 cikin 10 na masu ciwon ba, amma cikin waɗanda ke samun shi, ciwon suga shi ne lalurar da anka fi tararwa tare da su.

Mi ya sa sai masu suga?

Ba su kaɗai ba ne, mai ciwon daji da ke shan magani, mai wankin ƙoda, wanda ya daɗe kwance da robar ƙarin ruwa a jijiya, duk suna iya samu. Amma mai suga abubuwa da yawa ne ke taruwa a kansa.

In suga ya haura kamar 180 a na'urar gwaji, wato 10 a ɗaya ma'aunin, ƙoda na fara zubar da shi cikin fitsari. Tsofaffinmu sun san wannan tun da daɗewa, shi ya sa ake cewa a duba in tururuwa na taruwa inda mutum ya yi fitsari. Abin da ke jawo tururuwa shi ke ciyar da bakteriya. Ga shi kuma yawan suga na sa fararen ƙwayoyin jini su yi sanyin jiki, ba su kama cuta su kashe yadda ya kamata. Sai kuma abin da mutane ba su cika sani ba, suga in ya daɗe yana lalata jijiyoyin ji, har da na mafitsara, mutum zai yi fitsari ya ɗauka ya gama alhali akwai saura kwance ciki, kuma fitsarin da ya kwanta shi ne gidan cuta. Lalacewar jijiyoyin nan ita ce kuma ke sa wani ba zai ji zafin fitsari sosai ba, ciwo na ta cin shi a ɓoye.

Akwai ma wani mugun ciwon ƙoda da ƙwayoyin cutar ke tara iska cikin naman ƙodar, ana ganin iskar a hoto, kusan 9 cikin 10 na masu samun shi masu suga ne. Ƙwayar da ta fi haddasa ciwon fitsari ita ce E. coli, wadda asalinta cikin hanji take zaune, sai Klebsiella na bi mata.

Ta yaya zan gane cewa ciwon sanyin ya wuce mafitsara ya kai ƙoda?

In a mafitsara kawai yake, za ka ji zafi ko raɗaɗi wajen fitsari, fitsari kaɗan-kaɗan akai-akai, mara na ciwo, fitsarin ya yi duhu ko wari. In ya hau sama sai masassara ta shigo, mai zafi da rawar ɗari har haƙora na haɗuwa, da ciwo a kwiɓi ko bayan ƙugu gefe guda, ƙasan haƙarƙari, wanda in an ɗan bubbuga wurin mutum zai zabura. Ga tashin zuciya da amai. Mai suga zai lura sugan nashi ya ƙi sauka duk da yana shan magani yadda ya saba. Tsoho kuma wani lokaci masassarar ma ba ta fitowa sosai, sai dai a ga ya rikice, yana surutai ko yawan barci, ya daina cin abinci.

Matsalarmu a nan ita ce duk masassara maleriya ce ko taifot. A je kemis a karɓi allurai uku, in ba a ji sauƙi ba a yi gwajin Widal a ce taifot ne, alhali gwajin nan shi kaɗai ba ya tabbatar da taifot. Babu wanda ya ce kawo fitsarinka mu gani. Mai ciwon suga in ya yi masassara, dan Allah a gwada fitsari tare da jinin, kuɗin gwajin bai kai na allurai ukun nan ba sau da yawa.

Waɗanne alamu ne a idon? Ya zan bambanta shi da afolo?

Wagga ita ce tambayar da na fi so kowa ya riƙe amsarta.

Afolo ciwon saman ido ne. Sunan ma ya samo asali ne daga annobar da ta ɓarke a Gana a 1969, shekarar da kumbon Apollo 11 ya sauka duniyar wata. Yana zuwa ne gida-gida, yara su ɗauko daga makaranta ko islamiyya, ido ya yi ja yana ƙaiƙayi kamar an zuba rairayi, ga ruwa ga kwantsa, yawanci ya kama ɗaya ya tsallaka zuwa ɗayan. Amma in ka share kwantsar ka ƙifta, kana gani garau.

Wanga kau gani yake taɓawa. Mutum zai fara ganin hazo kamar na hunturu, ko wasu baƙaƙen abubuwa na yawo gabansa kamar ƙudaje ko yanar gizo, kuma yau ya fi jiya muni, wani lokaci ma yamma ta fi safiya. Ciwon daga can ciki yake, mai zugi, yana hawa har goshi da rabin kai. Haske na damun shi. Fatar idon na iya kumbura har ta rufe, farin idon ya tashi kamar an hura shi. In ka haska tocila daga gefe, wani lokaci za ka ga wani farin abu ya kwanta a ƙasan baƙin idon da layi miƙaƙƙe a samansa, kamar yadda gasara ke kwantawa a ƙasan kwano, to mugunya ce. Yawanci ido ɗaya ne, amma yana iya kama duka biyun, kuma akwai waɗanda zafin ba shi da yawa gare su, ganin ne kawai ke tafiya, kada rashin zafi ya sa a saki jiki.

Gwajin da kowa zai iya yi a gida: rufe ido mai lafiya da tafin hannu, ka dubi kalanda ko rubutun waya ko fuskar wanda ke gabanka, sannan ka canza. In mai suga ne, ya yi masassara ko ciwon fitsari kwanan nan, kuma ido ɗaya ya ja ganinsa ya ragu, ranar za a tafi wurin likitan ido, ko da Juma'a ce ko ranar Sallah.

Kai ka taɓa ganin wanda abin ya sama?

Na gani, kuma akwai wata dattijuwa da har yanzu take raina. Daga wani ƙauye wajen Wurno ɗanta ya kawo ta, tana riƙe da gefen mayafinta ta danne idon dama da shi. Shekara da shekaru tana da suga, maganin in an samu kuɗi a saya in babu a haƙura. Na ce Inna mi ke damunki, ta ce "ɗana idon ne, afolo ya kama ni ya ƙi tahiya, yau kwana biyar." Da na ɗaga fatar idon da yatsa a hankali, ga farin layin nan kwance a ƙasa, na kaɗa hannu gaban fuskarta ba ta gani, tocila kawai take iya cewa ga ta nan. Hannunta da na riƙe zafi rau.

Na tambayi ɗan ko ta yi rashin lafiya kwanan nan, ya ce ai sati biyu ke nan tana masassara, an yi mata allurar maleriya har sau biyu a wani kemis. Na ce fitsari fa? Sai ya dubi ƙasa, ita ma ta kau da kai. Da ya fita wata abokiyar aikina mace ta zauna kusa da ita, nan ta ce tun kafin masassarar take jin zafin fitsari da ciwon kwiɓi, kunya ta hana ta gaya ma ɗanta. Cikin ledar da sunka zo da ita akwai kwalaben maganin ɗigawa guda biyu da ɗan tandun kwalli. An kwantar da ita a ranar, hoto ya nuna mugunya a ƙodar, an ceci ranta da ɗayan idon Alhamdu lillahi, amma na daman bai dawo ba.

Ban ga laifin ɗan ba, ya yi iya ƙoƙarinsa da abin da ya sani. Amma tun daga lokacin nake roƙon mata, 'ya'ya mata da surukai da jikoki, ku riƙa tambayar iyayenmu mata maganar fitsari a keɓe, don ba za su faɗa ma ɗa namiji ba.

Kwana nawa mutum ke da shi kafin ido ya lalace?

Da awanni ake lissafi. Tantanin gani da ke bayan ido, retina, siriri ne ƙwarai kuma in ya mutu ba ya sake tsirowa. Ƙwayoyi irin su Klebsiella da E. coli na iya yi mashi ɓarnar da ba ta gyaruwa cikin kwana 1 zuwa 2. Wanda ya zo yana iya ƙirga yatsu ya fi wanda ya zo haske kawai yake gani samun sa'a nesa ba kusa ba.

In an je asibiti mi za a yi? An ce wai allura ake yi cikin ƙwayar ido?

E, ana yi, kuma na san jin haka kawai na sa wasu su ce a maida su gida. Bari in faɗi yadda abin yake.

Da farko za a auna gani, a ɗiga maganin da ke buɗe baƙin ido a leƙa ciki. In mugunya ta hana ganin bayan idon sai a yi sikanin, a ɗora ɗan kan na'ura a kan fatar ido a rufe, babu zafi. Za a ɗebi jini da fitsari a kai ɗakin gwaji a shuka su don a ga wace ƙwaya ce za ta tsiro kuma wane magani ke kashe ta, wannan na ɗaukar kwana 2 zuwa 3, amma ba a jiran sakamako kafin a fara magani. Za a yi hoton ciki a duba ƙoda da hanta, wani lokaci har zuciya.

Allurar idon kuma sai an kashe wurin tukuna, da maganin ɗigawa ko allurar kashe zafi a gefe, a wanke idon, sannan da siririyar allura a shiga ta farin ido a zuƙo ɗan ruwan ciki don gwaji, a zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta. Waɗanda anka fi amfani da su biyu ne, bankomaisin da seftazidim, kowane bai wuce 0.1 na mililita ba, kamar ɗigo biyu. Cikin 'yan mintuna an gama. Yawancin mutane cewa suke sun ji an danna, zugin da sunka zo da shi ya fi allurar ciwo sau goma. In bayan kwana 2 ko 3 ba a ga sauƙi ba ana iya maimaitawa. In abin ya yi yawa akwai tiyatar da ake kira bitrektomi, a tsotse gurɓataccen ruwan nan mai yauƙi gaba ɗaya da na'ura, wannan sai likitan da ya ƙware kan bayan ido da kayan aiki na musamman.

Dalilin allurar shi ne ido na da wani shinge da ke tace abin da zai shigo daga jini, magunguna da yawa ba su tsallake shi da yawan da zai wadatar, ga shi ruwan tsakiyar ba jijiya. Amma allurar ido ita kaɗai ma ba ta isa, tunda tushen cutar na ƙoda. Dole a kwanta asibiti a yi ta karɓar magani ta jijiya, sau da yawa na makonni, a saukar da suga da insulin, in akwai mugunya da ta taru a ƙoda ko tsakuwa ta toshe hanyar fitsari a sa roba a zuƙe. Mutumin da cuta ta shiga jininsa har ta kai ido, ransa ma na cikin haɗari, shi ya sa likitan ido da na ƙoda da na suga ke haɗuwa a kansa.

Kafin mu samu mota, ba za a ɗan ɗiga wani abu ba? Akwai maganin ido a kemis, wasu kuma na sa kwalli ko ruwan nono.

A'a. Maganin ɗigawa saman ido yake tsayawa, bai kai inda ciwon yake. Mafi haɗari su ne masu sitiroid, in ka duba kwalin za ka ga an rubuta dexamethasone ko betamethasone ko prednisolone. Suna rage ja da kumburi kwana ɗaya ko biyu, mutum ya ce Alhamdu lillahi an samu sauƙi ya fasa tafiya asibiti, alhali mugunya na ƙaruwa ciki. Likita na iya ba da su daga baya tare da maganin kashe cuta, wannan daban ne da mutum ya saya da kansa.

Kwalli, ruwan nono, ruwan albasa, ruwan suga, saiwa da anka jiƙa, duk ƙarin ƙwayoyin cuta ne da ƙuna a kan idon da ya riga ya jigata. A yi addu'a, a yi tofi, wannan babu mai hanawa, amma kada a zuba komai ciki. In ciwon ya yi tsanani a sha farasitamol. A guji diklofenak da ibufurofen, don suna ƙara ma ƙodar da ke ciwo wahala, balle ga wanda ke amai jikinsa ya bushe.

Ina za mu nufa a Sakkwato?

Inda akwai likitan ido da kuma gadon kwanciya. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo na da sashen ido da na ƙoda da mafitsara wuri guda, akwai kuma Asibitin Ƙwararru na jiha. In dare ne ko ƙarshen mako a shiga ta ɓangaren gaggawa, kada a ce sai ranar kilinik. In ana buƙatar aikin bayan ido likitoci na iya tura mutum gaba, misali Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. Wanda ke Illela ko Tambuwal ko Goronyo ko Isa ya fara da babban asibiti mafi kusa don a sa mashi magani ta jijiya, amma ya nemi takardar turawa a ranar. Shagon gilashi ba wurin wanga ciwo ba ne.

In kun isa, ku faɗi abubuwa ukun a tare tun a bakin teburin farko: yana da suga, ya yi masassara da ciwon fitsari, yanzu ido ɗaya ya daina gani sosai. Ku zo da duk magungunan da yake sha da waɗanda anka ɗiga, har kwalayen da sunka ƙare.

Ganin na dawowa? Gaskiya ne wani lokaci cire idon ake yi?

Ba zan ɓoye ba, cikin cututtukan ido wanga na cikin masu mugun ƙarshe. Wasu na samun gani mai amfani in an kama abin da wuri, da yawa kuma ganin idon na raguwa sosai ko ya tafi duk da an yi duk abin da ya kamata. In idon ya riga ya mutu, ko haske ba ya gani, yana ta zugi, ko ya fashe, ko mugunya na neman bazuwa cikin ramin ido, likita na iya ba da shawarar a kwashe abin da ke ciki. Magana ce mai nauyi, na sha zama da iyalai suna kuka a kanta. Ana yi ne don a raba mutum da azaba a kuma kare ransa, kuma bayan wurin ya warke ana sa idon roba wanda in ba an faɗa maka ba da wuya ka gane. Duk tsawon jinyar kuma ana duba ɗayan idon kullum.

Ana ɗaukar shi? Mu raba mashi kwano da tawul?

Ba a ɗauka daga ido zuwa ido, ba a ɗauka ta kallo. Ku zauna da shi ku ci abinci tare. Wanke hannu da sabulu bayan an taimaka mashi da bayi ko robar fitsari ya wadatar.

Daga ƙoda kaɗai yake zuwa?

A'a, duk inda mugunya ta taru a jiki tana iya aikawa. A ƙasashen gabashin Asiya irin su Taiwan da Koriya ta Kudu da Singafo, ƙurjin hanta na Klebsiella shi ne kan gaba, likitocin Taiwan ne sunka fara bayyana alaƙarsa da ido a 1986, kuma da yawan masu shi masu suga ne. Akwai ciwon da ke kama bawul ɗin zuciya, da sanƙarau, da ciwon huhu, da gyambon ƙafa na masu suga, da maruru babba. Wani lokaci ma ba bakteriya ba ce, fangas ne, wato dangin fumfuna, irin kandida, musamman ga wanda ya daɗe da roba a jijiya ko a mafitsara. Shi ya sa ko an ga ciwon fitsari ake duba hanta.

Wannan shi ne ciwon idon da ake cewa suga na kawowa?

Daban ne. Wancan da anka fi sani, suga ne ke lalata ƙananan jijiyoyin bayan ido sannu a hankali cikin shekaru, babu ja babu zafi, sai gani ya fara raguwa. Shi ne dalilin da ya sa ake son duk mai suga ya je a buɗe baƙin idonsa a duba bayan sau ɗaya a shekara, babba da anka gano yana da suga kuma a duba shi tun lokacin da anka gano. Suga na kuma gaggauta yanar ido. Waɗannan ana ba su ranar dawowa, na mugunya kau ba ya jira.

An gwada fitsarina an ce akwai ƙwayoyin cuta amma ni ba na jin komai, in sha magani?

Mata masu suga da yawa na da haka. In babu zafi babu masassara babu ciwon kwiɓi, yawanci ba a ba da magani, sai ga mai juna biyu ko wanda za a yi ma aiki a hanyar fitsari. Shan maganin kashe ƙwayoyin cuta ba dalili shi ke koya musu taurin kai, shi ya sa yanzu ake samun E. coli da maganin sifro, wato sifrofuloksasin, ba ya taɓa ta, ranar da ake buƙatar maganin da gaske sai a tarar ba ya aiki. Ki bar likita ya yanke, ke kuma ki sa ido kan alamun da na faɗa a sama.

To mi za mu yi tun kafin a kai ga haka?

Riƙe suga shi ne babba. Akwai gwajin HbA1c da ke nuna yadda sugan ya kasance cikin wata 2 zuwa 3 da sunka wuce, ga yawancin manya ana son ya tsaya ƙasa da 7, likitanka zai faɗa maka naka. Ya fi gwajin safiya ɗaya da mutum zai ƙi cin tuwon dare don lamba ta yi kyau.

Sai ruwa. Kowa ya san zafin Sakkwato daga Maris zuwa Mayu, ya haura 40 a ma'auni, ɗan kabu-kabu da mai aikin fadama da 'yan kasuwa gumi ke kwashe ruwan jikinsu, fitsari ya koma kamar shayi, ga tsakuwar ƙoda na samun wuri. A sha ruwa har fitsari ya yi haske, sai fa wanda likita ya ƙayyade ma ruwa saboda ciwon zuciya ko ƙodar da ta gaza. Ruwa nake nufi, lemon kwalba da zoɓo mai suga da fura da anka zuba ma suga ƙara matsalar suke. Kada a riƙe fitsari. Mata a yi tsarki daga gaba zuwa baya, a yi fitsari bayan kwanciyar aure. Dattijon da fitsari ke fita mashi da ƙyar ko yana ɗiga ya je a duba furostet, wato ƙullutun naman da ke ƙasan mafitsarar maza, wanda ya taɓa tsargiya a yankunan gulbi ya faɗa ma likita. In an rubuta maganin ciwon ƙoda a shanye shi duka ko an ji sauƙi, kuma kada a ɗauko ragowar na wata a sha, akwai maganin da ke aiki a mafitsara amma bai kai naman ƙoda, irin nitrofurantoin. Masu shan sabbin magungunan suga da ke fitar da shi ta fitsari, irin dapagliflozin da empagliflozin, su gaya ma likita da wuri in sun ji zafin fitsari ko ƙaiƙayin gaba. Mai shan metfomin da ke amai da masassara mai zafi shi ma ya nemi likita a ranar, don ana iya dakatar da shi na ɗan lokaci a koma insulin.

Maganar azumi kuma, mai suga da ke cikin masassara da ciwon ƙoda marar lafiya ne, kuma Allah Ya yi rangwame ga marar lafiya a Suratul Baƙara, aya ta 184 da 185, ya rama in ya warke. Ko lafiya lau yake, in ya gwada ya ga suga ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300, shawarar likitoci ita ce ya karya azumin.

Mahaifina na kwance asibiti yanzu saboda ciwon ƙoda, ni ke jinya. Mi zan riƙa lura da shi?

Allah Ya ba Baba lafiya. Kasancewar yana kan gado yana karɓar magani ba ya nufin ido ya tsira, abin na iya fitowa cikin kwanakin jinyar ko bayan an sallame shi da 'yan kwanaki. Wanda jikinsa ya yi nauyi ba zai yi ƙorafin ido ba, su kuma ma'aikata hankalinsu na kan masassara da suga da fitsari, to kai ne ke kusa.

Kullum safe da yamma in ka zo ba shi koko ko za ka taimaka mashi da alwala, ka dubi idanun biyu a haske. Ka ce Baba rufe wannan, yatsu nawa na ɗaga, sannan ɗayan, ka tsaya wuri ɗaya kullum, misali ƙarshen gado, don ka gane in an samu canji. Ka tambaye shi ko yana ganin hazo ko wasu abubuwa na yawo. In barci ya yi mashi yawa bai iya amsawa, ka ɗaga fatar idon a hankali da hannu mai tsabta ka duba ja ko kumburi ko farin layin nan a ƙasan baƙin ido. In ka ga wani abu kada ka jira zagayen likitoci na gobe, ka je teburin nas ka ce idon Baba ya canza yau, kana roƙon a kira likitan ido ya duba shi, ka kuma rubuta lokacin da ka fara gani a takarda ko a wayarka don za a tambaye ka.